Baƙin tabo da gyambo: Abin da allurar kashe jijiyoyin ƙafa ke iya bari a fata

A Sabon Birni da Isa da ke gabashin jihar Sokoto, ba abin mamaki ba ne a ga mutum jijiyoyin ƙafarsa sun fito sun murɗe kamar igiya. Matsalar ta fi samun matan da suka yi haihuwa da yawa, da masu sana'ar dogon tsayuwa irin su mahauta da masu shayi.

Tana faruwa ne idan ƴan marufan da ke cikin jijiya, waɗanda ke hana jini gangarowa ƙasa, suka yi rauni. Sai jini ya taru, jijiyar ta kumbura.

Ɗaya daga cikin magungunanta shi ne allurar da likitoci ke kira sikilarotarafi. Ana zuba sinadari kamar polidocanol, wanda hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a 2010, a cikin jijiyar. Sinadarin kan ƙona bangonta ta ciki har ta toshe, jini ya koma bin lafiyayyun jijiyoyi.

Allurar ba ta ɗaukar lokaci, amma fata kan ɗauki watanni kafin ta gama nuna sakamakonta.

Baƙin tabo

Wannan ne ya fi yawa, domin yakan sami kimanin kashi 10 zuwa 30 cikin 100 na waɗanda aka yi wa allurar. Jini ne ke tsiyaya daga jijiyar, sinadarin ƙarfen da ke cikinsa ya kwanta a ƙarƙashin fata ya bar zane mai duhu.

Galibi yana gushewa cikin wata 6 zuwa 12, sai dai masu duhun fata sun fi saurin samunsa.

Man bilicin ba ya goge shi, tunda ƙarfe ne ya kawo duhun. Mayukan da ke ɗauke da sitiroyid ma sirantar da fata suke yi, su jinkirta warkewar ciwo.

Sabbin jijiyoyi da gyambo

Wasu kuma bayan makonni sai su ga ƙananan jajayen jijiyoyi sun yi cincirindo kusa da wurin allurar. Yawancinsu kan ɓace da kansu.

Mafi muni shi ne idan sinadarin ya zube a wajen jijiya ko ya shiga wadda ke ciyar da fata. Wurin kan yi fari, ya yi zogi, daga bisani fatar ta mutu ta zama gyambo mai barin tabo na dindindin. Bai cika faruwa a hannun ƙwararru ba.

Matsalar nisa

Aikin na buƙatar komawa wurin likita. A makonnin farko yakan huda jijiyar ya matse jinin da ya maƙale, abin da ke rage tabon.

Ga mazauna ƙasar Gobir nan gizo ke saƙar. Likitocin fiɗa da na fata da na'urar hoton jijiya sun fi samuwa a manyan asibitoci irin su Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sokoto, hanyar kuwa ga nisa ga fargabar ƴan bindiga. Don haka wanda zai yi allurar ya tanadi kuɗi da lokacin komawa tun kafin a fara.

Kemis ba mafita ba ce: dokar Najeriya ba ta bai wa masu ƙananan shagunan magani izinin yin irin wannan allura ba.

Ba a yi wa mai juna biyu wannan allura, haka ma wanda jini ya daskare masa a jijiyar cikin ƙafa. Bayan an yi, likitoci na shawartar a sa safa mai matse ƙafa, a riƙa tattaki, a kuma kare wurin daga rana.

Idan ƙafa ta kumbura gaba ɗaya, ko fata ta fara ɓaɓɓakewa, ko numfashi ya yi wuya, a garzaya asibiti mafi kusa a ranar.