Ƙa'idar GKS ta zane da kwamfuta, da abin da ta koya wa masu daidaita rubutun Hausa

1. Matsalar da aka so warwarewa

Kafin 1980, wanda ya tsara wa kwamfuta umarnin zana taswira yakan tsara shi ne domin na'urar da ke gabansa kaɗai. Wata na'ura tana jan alƙalami bisa takarda, wata tana haska layi bisa allo, kowace da irin umarnin da take ji. In aka sake na'ura, sai a sake aikin tun daga tushe. A kan wannan matsala masana suka taru a Seillac, ƙasar Faransa, a watan Mayu na 1976. Bayan taron, Amurka ta fito da tsarin Core a 1977, Jamus kuma ta fito da GKS ta hannun hukumarta ta ƙa'idodi, DIN. Tsarin Jamus ne hukumar ƙa'idodi ta duniya, ISO, ta amince da shi a 1985, da lamba 7942. Shi ne ƙa'idar duniya ta farko a fannin tsara zane da kwamfuta.

2. Yadda ƙa'idar take aiki

A ɗauka mai bincike yana son taswirar cibiyoyin yaƙi da jahilci na ƙaramar hukumar Safo, kudu da Maraɗi, cikin gundumar Madarumfa. GKS ta tanadi tubala shida, waɗanda da su ake gina kowane zane mai tsawo da faɗi. Gulbin Maraɗi zai fito da layi mai gaɓoɓi, wato ɗigogi da aka haɗa bi da bi. Kowace cibiya za ta fito da tambari, kamar tauraro ko gicciye. Tafkin Madarumfa fili ne da aka kewaye aka cike da launi. Sunayen garuruwa aikin tubalin rubutu ne. Sauran biyun su ne shimfiɗar ƙananan murabba'ai masu launi, wadda ta dace da hoto, da kuma zane na musamman, kamar da'ira, ga na'urar da ta iya shi.

Hikimar tsarin tana wajen awo. Mai bincike yana ba da wuraren da awon da ya saba, misali kilomita. GKS ta mayar da su awon tsaka-tsaki, cikin murabba'in da kowane gefensa ya tashi daga 0 zuwa 1. Daga nan ne kowace na'ura take juya su zuwa nata awon. Saboda haka mai taswira ba ya bukatar sanin na'urar da za ta buga aikinsa. Taswirar da aka tsara a Maraɗi tana iya fita a Yamai ko Kano ba tare da an taɓa umarninta ba. An kuma bayyana ƙa'idar ba tare da ɗaure ta ga harshen kwamfuta guda ba. Daga baya ne aka fitar da yadda za a kira ta cikin Fortran da Pascal da Ada da C.

3. Inda ta gaza ga Hausa

Layin gulbi da tafki za su fita daidai a ko'ina, amma sunaye ba haka ba. Akasarin kwamfutocin lokacin suna aiki da jerin ASCII mai gurbi 128, wanda babu ɓ, ɗ, ƙ, ƴ a cikinsa. Sai Maraɗi da Ɗan Isa su fita babu lanƙwasa. A taswira mai karatu yana iya ganewa, amma a littafin koyon karatu ɓarna ce, domin da lanƙwasa ake raba "kafa" da "ƙafa", da "baki" da "baƙi". Mafita ita ce a zana harafin da layi mai gaɓoɓi, kamar yadda ake ƙara lanƙwasa da alƙalami bayan an buga da tafireta. Sai dai harafin da aka zana hoto ne kawai: kwamfuta ba ta iya neman sa, ba ta iya jera shi cikin ƙamus.

Ba rashin ƙa'idar rubutu ya jawo haka ba. Taron Bamako na 1966 da na Yamai na 1978, waɗanda UNESCO ta kira, sun riga sun tsayar da baƙaƙen, kuma a 1980 masana Nijar da Najeriya suka zauna a Yamai domin daidaita rubutun Hausa. ISO ma ta fitar da jerin baƙaƙen harsunan Afirka a 1983, mai lamba 6438, amma domin ɗakunan karatu aka yi shi, bai kuwa yaɗu ba. Sai da Unicode ta fito a 1991 kowane baƙi mai lanƙwasa ya sami lambarsa da duniya ta yarda da ita.

4. Abin lura ga masu tsara aiki

A yau an daina dogara da GKS, amma tunaninta na raba zane da na'ura yana nan cikin SVG, na 2001, da PDF, wanda ya zama ƙa'idar ISO a 2008. Darasi biyu ne ga ma'aikatan harshe. Na farko, taswirar karin harshe ko littafin yaƙi da jahilci a ajiye shi cikin tsarin da ƙa'idarsa take a bayyane, domin na'ura takan tsufa kafin aikin ya tsufa. Na biyu, a tabbata baƙaƙen sun shiga da lambobinsu na Unicode. Har yanzu Nijar tana rubuta ƴ inda Najeriya take rubuta 'y, kuma kwamfuta ba ta ɗauke su abu guda ba: wanda ya nemi "ƴaƴa" ba zai sami "'ya'ya" ba, sai in masu haɗa ƙamus na ƙasashen biyu sun tanadi hakan tun farkon aiki.