Neman makamashi daga ruwa da hasken rana

Fiye da shekara 50 ke nan masana kimiyya ke neman hanyar raba ruwa gida biyu, wato iskar haidirojin da ta oksijin, da hasken rana kawai.

Da haidirojin ake haɗa takin zamani, ana kuma amfani da ita wajen tace man fetur. Sai dai akasarin wadda duniya ke amfani da ita daga iskar gas da kwal ake samo ta, lamarin da ke ƙara ɗumamar yanayi.

Binciken ya samo asali ne a Japan, inda a shekarar 1972 Akira Fujishima da Kenichi Honda suka nuna cewa sinadarin titaniyam dayoksaid, wanda ake sa wa farin fenti, yana iya raba ruwa idan haske ya sauka a kansa.

Hasken yakan zaburar da ƙwayoyin lantarkin da ke cikin sinadarin, su kuma su fito samansa su warware ruwan. Sinadarin kansa ba ya ƙarewa.

Inda gizo ke saƙa

Matsalar ita ce titaniyam ba ya cin moriyar komai sai hasken altarabayolet, wanda ido ba ya gani, kuma bai wuce kashi 5 cikin 100 na hasken rana ba. Haka kuma ƙwayoyin lantarkin da dama kan koma mazauninsu tun ba su yi aikin ba.

A shekarar 2020, tawagar Farfesa Kazunari Domen ta Japan ta gauraya alminiyam da sinadarin sitirontiyam titanet, har kusan kashi 96 cikin 100 na altarabayolet ɗin da aka haska masa ya yi amfani.

A 2021 tawagar ta ba da rahoton gwaji a fili, da alluna masu faɗin murabba'in mita 100 waɗanda suka yi watanni suna aiki. Amma abin da suka juya zuwa haidirojin bai kai kashi 1 cikin 100 na ƙarfin ranar ba.

A 2023 masu bincike a Jami'ar Mishigan ta Amurka sun kai kashi 9 a ɗakin gwaji, da wani sinadari na indiyam da galiyam mai shan hasken da ido ke gani. To amma waɗannan ma'adinai na da tsada.

Akwai kuma batun haɗari, domin iskokin biyu a gauraye suke fitowa, kuma suna iya fashewa idan ba a raba su ba.

Masana da dama na ganin sai an samu sinadari mai araha da ƙarko, wanda zai kai kusan kashi 10 a fili, kafin wannan hanya ta iya gogayya da iskar gas a kasuwa.