Na'urori Masu Aika Labari da Tattalin Ruwa a Ƙasar Gumel

Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar suna cikin masarautar Gumel, a arewacin Jihar Jigawa, dab da iyakar Jamhuriyar Nijar. Ƙasar jigawa ce, babu kogi mai gudu rani da damina a cikinta. Ruwan sama yakan sauka daga wajen watan Yuni zuwa Satumba, sauran watanni kuwa mutum da dabba duka ga rijiya suka dogara. Dattawan wannan yanki ba su manta da farin 1973 da na 1984 ba. Saboda haka duk wata sabuwar dabara da za a kawo nan, da ruwa ya kamata a fara auna amfaninta.

A da, da guga da igiya ake jan ruwa, ko da hannu ko da shanu da raƙuma, wahalar ja kuwa ita ce ta hana ɓarna. Daga baya aka sami rijiyar burtsatse da famfon tuƙa-tuƙa, sa'an nan injin mai shan man fetur, yanzu kuma ga famfo mai aiki da hasken rana. Shi wannan na ƙarshe ba ya hayaƙi, ba ya cin kuɗin mai, amma fa da wani hatsari a ɓoye cikinsa. Tun da yake jan ruwa ya zama kyauta muddin rana tana sama, ba abin da zai tuna wa mutum ya kashe famfo. Alhali kuwa ruwan ƙarƙashin ƙasa ajiya ce wadda damina ke ƙara wa kaɗan kaɗan. In ɗiba ta fi ƙari shekara da shekaru, tilas ya ja baya, rijiyoyi marasa zurfi su fara ƙafewa.

A nan ne na'urori masu aika labari ke da amfani. Aikinsu kashi uku ne. Na fari ma'auni, watau ɗan ƙaramin abu da ake zura wa cikin rijiya ya auna zurfin ruwa, ko a ɗaura a bututu ya ƙidaya litar da ta wuce, ko a binne a gona ya ji laimar ƙasa. Na biyu mai aikawa, wanda ke da layi irin na wayar hannu, yana tura abin da aka auna ta saƙo ko ta intanet. Na uku mai karɓa, ko wayar manomi ko kwamfutar ofishin ruwa. Wannan duka ya yiwu ne domin wayar hannu, wadda ta fara yaɗuwa a Nijeriya a 2001, ta kai ƙauyuka masu yawa.

Misalai biyu za su isa. A Nijar wani masani, Abdou Maman, ya ƙirƙiro hanyar da manomi zai kunna famfon gonarsa ko ya kashe ta wayarsa, ko yana nesa, ya kuma sami labarin zafi da laima. A 2015 aka ba shi babbar lambar yabo ta ruwa mai sunan Sarki Hassan na Biyu na Maroko. A Kyuso ta ƙasar Kenya kuma, wajen 2013, masu bincike na Jami'ar Oxford suka sa na'ura cikin hannun famfon tuƙa-tuƙa, tana ƙidaya motsinsa tana aikawa. In motsi ya tsaya, makaniki ya san famfo ya lalace. Gyaran da a da yakan ɗauki kusan wata guda sai ya koma bai kai kwana uku ba.

Ba wuya a ga inda irin wannan zai shiga a ƙasar Gumel. Kasuwar dabbobi ta Maigatari, wadda ke ci ran Alhamis, tana tara shanu da raƙuma da tumaki daga Nijeriya da Nijar, kowace dabba kuwa sai ta sha. Ma'aunin rijiya zai nuna ko ruwa yana komowa bayan kowace kasuwa. Har wa yau Jigawa tana cikin jihohi 11 da shirin Babbar Koriyar Ganuwa ya shafa, wanda Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007 domin tsare gurgusowar hamada. Wuyar dashe ba ranar dasawa take ba, sai cikin bazarar fari. Ma'aunin laima zai faɗi ranar da ya kamata a yi ban ruwa, kada a yi asarar itace, kada kuma a yi asarar ruwa.

Amma akwai sharuɗɗa. Wasu ƙauyuka ba su da sabis mai ƙarfi. Ƙurar hunturu tana rufe farantin sola. Batir yana mutuwa, in aka yar da shi barkatai kuma ya zama guba ga ƙasa. Babban sharaɗi shi ne a sami wanda aka ɗora wa nauyi, da kuɗin gyara a hannunsa. Famfunan Kyuso sun gyaru ne domin akwai makanikin da saƙo ke isa gare shi. Na'ura tana iya cewa ruwa ya ja baya, amma hukuncin rage ɗiba na dagaci ne da manoma da makiyaya da hukumar ruwa. Malaman makarantun horon malamai suna da rabo a nan: ɗalibin da aka koya wa auna rijiyar garinsu da igiya kowane mako, yana rubutawa a littafi, shi ne zai gane abin da na'ura ke faɗa ran da ta iso.