Tsinkewar Wayar Sigina da Haƙƙin Hanya

Duk wanda ya saba bin hanyar da ta fita daga Sakkwato ta nufi kudu, ta ratsa Boɗinga da Shagari da Tambuwal har ta dangana da Jega, ya san cewa a kan wannan kwalta guda manyan motocin kaya da ƙananan motocin haya da 'yan kabu-kabu da amalanken shanu suke gogayya tun daga asuba har bayan lisha, kuma babu abin da yake hana su afka wa juna, bayan kiyayewar Ubangiji Maɗaukaki, illa kowa ya fahimci nufin ɗan'uwansa tun bai aikata shi ba. Harshen da direba yake bayyana wannan nufi da shi kuwa shi ne 'yar fitilar nan mai ƙiftawa da muke kira sigina, wadda rayuwarta duka ta rataya a kan wata siririyar waya da ba ta kai kaurin tsinken tsintsiya biyu ba.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami a kan wannan mas'ala shi ne wata tafiya da na raka baffana ɗaurin aure, cikin tsohuwar motarsa Fijo 504, wadda ya riƙe tun muna yara. Ya ƙudura mu ratse Sifawa domin ziyara, garin da Mujaddadi Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna a cikinsa shekaru kamar biyar, yana karantarwa yana wallafa, ƙanensa Malam Abdullahi yana kusa da shi a Boɗinga, kafin ya koma Sakkwato a 1815, inda Allah ya karɓi rayuwarsa a 1817. Baffa ya taɓa sandar sigina, ya rage gudu, ya karya kan mota; sai muka ji ƙarar birki a bayanmu, ga wani yaro a kan babur ɗauke da mace da goyo, ya tsaya da ƙyar, tayarsa tana shafar bayan motar. Da ya dawo cikin hayyacinsa sai ya ce, cikin ladabi, "Baba, ai ba ka ba ni sigina ba." Baffa ya rantse ya bayar, kuma dukansu biyu gaskiya suka faɗa, domin fitilar gaba tana ƙiftawa, ta baya ce ta mutu. Daga bisani Baffa ya tuna cewa kwanaki ke nan ƙas-ƙas ɗin da yake ji a gaban sitiyari ya canja kiɗa, bai kawo komai a ransa ba.

Kafin in kai ga gyaran, ya kyautu mai karatu ya san asalin motar da asalin fitilar. An fara ƙera Fijo 504 a Faransa a 1968, aka zaɓe ta motar shekara a Turai a 1969, sa'an nan da aka buɗe masana'antar haɗa motocin Fijo a Kaduna a 1975 sai ta zama tamkar 'yar gida, ta zama motar ma'aikatan gwamnati da alhazai da direbobin haya, har zuwa zamanin mulkin Alhaji Shehu Shagari, daga 1979 zuwa 1983, da shekaru masu yawa bayansa, saboda ƙwarinta a kan gargada da sauƙin samun kayan gyaranta. Ita kuwa sigina, a farkon al'amari hannu direba yake miƙawa ta taga. Daga baya aka yi wani ɗan hannu mai fitila da yake ɗagowa daga gefen mota, irin wanda dattawa suka gani a tsofaffin motocin Morris da Volkswagen. Sa'an nan kamfanin Buick na Amurka ya fitar da motoci masu fitila mai ƙiftawa a 1939, duniya ta bi sawu. Dattawan direbobinmu, waɗanda suka ga ranar 2 ga Afrilu, 1972, da Nijeriya ta bar tuƙi ta hagu ta koma ta dama, sun fi kowa sanin darajar alama a kan hanya.

Aka yi mana kwatancen wani dattijo mai wayarin da yake aiki a gindin dogon yaro, kayan aikinsa duka cikin wani akwatin ƙarfe: filaya, da sukundireba, da ƙullin dalma, da wani ƙwan fitila da ya ɗaura wa waya, ya sa masa tsinin ƙusa a baki, wanda da shi yake gane inda wuta ta kai da inda ta tsaya. Bai taɓa komai ba sai da ya sa Baffa ya kunna hagu, ya kunna dama, ya taka birki, shi kuwa yana zagaya motar yana dubawa. Sa'an nan ya ce, "Ranka shi daɗe, wagga mota ta faɗi ciwonta da bakinta, saura mu bi shi."

Bayanin da ya yi mini, wanda na iske ya yi daidai da tsarin masu ilmin manɗiƙi na tace mas'ala har a bar wajhi guda, shi ne kamar haka. Wuta tana tasowa daga batir mai ƙarfin bolt 12, ta bi ta fis, ta shiga wata 'yar na'ura da masu sana'a suke kira filasha, ta wuce zuwa sandar da ke jikin sitiyari, wadda take karkatar da ita hagu ko dama, ta isa ƙwan gaba da na baya, kowanne mai wat 21, sa'an nan ta koma batir ta cikin ƙarfen jikin motar. A cikin filasha irin ta dā akwai ɗan ƙarfe da wuta take ɗumamawa ya lanƙwashe ya yanke ta, ya huce ya koma ya haɗa ta, kuma wannan kai da komowa, tsakanin sau 60 zuwa 120 a minti guda, shi ne ƙiftawar da ake gani da ƙas-ƙas ɗin da ake ji. Saboda haka idan ɓangarorin biyu suka mutu tare, a tuhumi fis ko filasha. Idan ɓangare guda ne gaba da baya, a tuhumi sandar sitiyari ko wayar da ta fito daga cikinta. Idan kuwa fitila guda ce, to laifin bai wuce ƙwai, ko mazauninsa, ko tsatsar da ta hana wuta komawa, ko wayar da take kai masa wuta ba. Da zarar ƙwai guda ya fita daga lissafi, nauyin da filasha take ɗauka ya ragu, kiɗanta ya canja, wanda shi ne gargaɗin da Baffa ya ji bai gane ba.

Dattijon ya zare ƙwan ya ɗaga shi sama, ya ga zarensa lafiya. Ya kankare mazaunin, ya dangwala tsininsa, bai ga haske ba. Sai ya buɗe but, ya ɗaga shimfiɗa, ya riƙa bin wayar taki-taki da yatsunsa, yana duba lambobin da Fijo take sanya wa wayoyinta domin kada a ɗauki wata a madadin wata, har ya iso wani rami da wayar take ratsa ƙarfe ta cikinsa. Robar da aka sa a bakin ramin ta bushe ta farfashe saboda zafin bazara da ƙurar hunturu na shekara da shekaru, kaifin ƙarfe ya yi ta cin wayar a kowace gargada, kuma wani ya taɓa murɗe ta da hannu ya naɗe da salatif, gyaran ganin ido, har tagullar ta yi kore ta rabu a ciki alhali daga waje kamar lafiya lau.

Ya cire kan batir tukuna, domin kada wuta ta haɗu ta ƙone sauran wayoyin. Ya yanke ruɓaɓɓen wurin har inda tagulla take ja tana sheƙi, ya nemo guntuwar waya mai kauri daidai da ta asali, ya feɗe bakunan, ya saƙa su cikin juna, ya narka dalma ta ratsa saƙar, ya naɗe da kyau, ya yanko roba ya toshe bakin ramin, ya ɗaure wayar yadda ba za ta yi lilo ba. Yaronsa ya so ya ƙara wa fis ƙarfi, ya hana shi, ya ce fis mai gadi ne da aka ajiye ya mutu a madadin mota, kuma wanda ya musanya shi da silin waya ko takardar kwalin taba ya sayi gobara da kuɗinsa. Aka mayar da kan batir, Baffa ya taɓa sanda, fitilar ta amsa. Lalle da tsohuwar zuma ake magani.

Wannan aiki da bai kai sa'a guda ba yana da asali mai zurfi a cikin fiƙihun da aka karantar a Sifawa. Malaman mazhabar Malikiyya, kamar yadda ɗalibai suke karantawa a Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, sun ɗora lamuni a kan mai hawan dabba da mai janta da mai korarta game da abin da ta tattake, kuma sun ɗora lamuni a kan masu sana'a game da kayan da aka damƙa musu, saboda maslahar jama'a. Idan mai raƙumi yana ɗauke da alhakin abin da raƙuminsa ya taka, ina ga wanda yake tuƙa ƙarfe mai gudun iska a tsakiyar bayin Allah? Kuma idan maɗinki yana lamunin ƙyallen da aka ba shi, ina ga wanda aka ba amanar wayar da rayuka suka dogara da ita? Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, tana iya tare mota ta ci tarar mai ita, amma jami'i ba ya ganin abin da ke ƙarƙashin salatif. Wannan sai mai gyara da Mahaliccinsa.

Nasihata ga masu riƙe da tsofaffin motoci, waɗanda nake ganin riƙonsu abin yabo ne, domin gyara abin da ake da shi ya fi almubazzaranci, ita ce kowace safiya, kafin a fita, a sa yaro ya tsaya a baya a gwada hagu da dama da birki, kuma a riƙa sauraron ƙas-ƙas ɗin nan kamar yadda ake sauraron tarin jariri. Da muka fito daga Sifawa bayan la'asar, Baffa ya ba da sigina tun da sauran tazara, na waiga na ga mai babur ɗin da ke bin mu ya rage gudu ya ba mu hanya, muka hau kwalta muka nufi Shagari. Allah ya kiyaye hanya, ya sa mu cika da imani.