Alkawarin Zaman Makoki Ba Ya Ciyar Da Maraya

Ranar sadakar uku kowa jarumi ne. An shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, ana raba gumba da ƙosai, masu ta'aziyya na cewa, "Allah ya jiƙansa, Allah ya raya abin da ya bari." A nan ne za ka ga yayan mamaci ko ƙaninsa ya share ƙwalla da bakin riga ya ce, "Yaran nan nawa ne. Muddin ina numfashi ba za su yi kukan maraici ba." Jama'a su ce madalla, a shafa fatiha, a naɗe tabarmi. Ba wanda zai tambaya a ɗakin wa yaran za su kwana, wa zai sayi sabulu, wa zai biya kuɗin makaranta, abin da mamacin ya bari kuma a hannun wa zai zauna. Wai kunya. Wai ba a zancen dukiya tun ƙasar kabari ba ta bushe ba.

Makonnin baya na zauna a zauren mai unguwarmu na ga inda wannan kunyar take kai mutane, shi ya sa na ce sai na yi magana, ko da za a ce na cika shisshigi.

Shekara tara ke nan da wani maƙwabcina ya rasu a hatsarin mota. Ya bar mace ɗaya da 'ya'ya huɗu: babban namiji ne ɗan shekara tara, sai mata biyu, sai auta da ko yaye shi ba a yi ba. Ba mai kuɗi ba ne, amma bai bar su hannu rabbana ba. Akwai Adaidaita Sahu guda da wani saurayi ke ja yana kawo balas kullum da magariba, akwai fili a bayan gari, akwai 'yan awaki. Matar ta gama takabarta ta wata huɗu da kwana goma, ta ƙara shekara guda a zaune, sannan ta yi aure, kuma ba mai ganin laifinta. Sabon mijin ya ce ba zai iya da agola huɗu ba, na goye kaɗai ya yarda ta zo da shi. Baffan yaran, wanda ya yi wancan alkawarin a bainar jama'a, ya ɗauki babban, ya haɗa da makullin Adaidaita da takardar fili. 'Yan matan biyu aka kai wa kakarsu ta wajen uwa, wata dattijuwa mai tuyar ƙosai a bakin layi, wadda duk unguwa ke kira Iya. Ba a cika shekara biyu ba yaron ya gudo daga gidan baffa da kayansa a leda, ya ce shi wurin Iya zai zauna. Da uwar ta sake haihuwa, autan ma aka kawo shi. Yara huɗu suka taru a ɗakin tsohuwa guda ɗaya. Makulli da takarda kuwa ba su biyo su ba.

Ina ganin Iya tun daga lokacin. Kafin assalatu ta tashi ta surfa wake, ta aika niƙa, ta hura wuta. Kafin a kaɗa ƙararrawar makaranta ta sallami masu saye, ta ƙulle wa kowane yaro nasa a takarda. Kullum da hantsi akwai tabarma shanye a kan katangarta, domin ƙaramar yarinyar ta koma fitsarin kwance tun makon da aka binne ubanta, kuma ta kai shekara uku tana yi. Tsohuwar ba ta taɓa ɗaga mata hannu a kai ba, ta ce ba sakarci ba ne, zuciya ce. Da ma sauran masu riƙo za su gane haka. Yaron da ya ga an fita da ubansa a makara yakan koma fitsarin kwance, ko ya daina magana, ko ya zama mafaɗaci, ko ya riƙa ɓoye abinci. Bulala ba ta warkar da ko ɗaya. Idan abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, asibiti ake kai shi.

Ta sayar da tunkiyarta lokacin da zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da auta har aka yi masa ƙarin jini. Ta sayar da gadon ƙarfenta da babban zai shiga sakandare. Da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, wake da man gyaɗa suka yi tashin gwauron zabi, jarinta ya karye sau biyu, adashi ne ya tayar da shi. Tana da hawan jini, amma maganin wata ɗaya sai ta ja shi wata biyu, ta sha yau ta tsallake gobe. Na taɓa yi mata faɗa a kan haka, sai ta ce, "Malam, ba ciyar da su ne ke hana ni barci ba. In na faɗi yau, wa zai kwashe su?"

To, bana babban yaron ya gama sakandare, yana son rubuta JAMB, sai ya je ya durƙusa ya ce, "Baffa, na zo ne a kan abin da Baba ya bari." Daga nan magana ta kai zaure. Baffa ya ce injin Adaidaita ya buga tun a shekara ta huɗu, an gyara an gaji, an sayar. Filin kuma ya sayar ya zuba a kasuwa don ya juya wa yaran, kasuwa ta cinye. Sannan ya shiga lissafi da yatsu: shekara biyun da yaron ya yi a gidansa, kayan Sallah, buhun masara da ya aika wa Iya har sau biyu. Mai unguwa ya ce nawa aka sayar da Adaidaitar? Ya faɗi wani adadi, bayan ɗan lokaci ya faɗi wani. Wa ya shaida cinikin filin? Dillalin ya rasu. Balas ɗin shekara huɗu fa, ina aka rubuta? Baffa ya fusata ya ce, "Ni za a tambaya takarda a kan 'ya'yan ɗan'uwana?"

Ni ba zan rantse cewa mutumin nan ɓarawo ne ba. Mai yiwuwa wani abin ya kashe a kan yaran da gaske, mai yiwuwa kasuwar ta cinye da gaske. Abin da zan rantse a kai shi ne ya yi wa amana riƙon sakainar kashi, kuma mu da muka ce madalla ranar sadakar uku muka naɗe tabarmi muka watse, da mu aka yi.

Abin haushin, duk wannan an riga an shimfiɗa mana shi. Wanda ya yi karatun zaure har ya kai Risala ya san cewa reno na uwa ne, idan ta rasu ko ta yi aure ya koma hannun kaka ta wajen uwa, bayanta sai 'yar'uwar uwa. Ke nan zaman yaran a wurin Iya ba alfarma aka yi mata ba. Kula da dukiyar maraya kuwa wani babi ne daban: a mazhabar Malikiyya uba ne ke da shi, bayansa sai wanda ya bar wa wasiyya, idan bai bar wa kowa ba sai wanda alƙali ya naɗa. Zama baffa shi kaɗai ba ya ba mutum makulli. Inda mamaci ya bar ɗa namiji, ɗan'uwansa ba shi da ko sisi a gadon: mata na da tumuninta, iyayen mamaci idan suna raye kowanne na da sudusi, saura na 'ya'ya ne. Maraya mai dukiya kuma daga dukiyarsa ake ciyar da shi. Wato balas ɗin nan na kowace magariba, tukunyar Iya ya kamata ya riƙa shiga. Aya ta 6 ta Suratun Nisa'i ta umarci mai riƙon dukiya ya kame idan mawadaci ne, ya ci gwargwado idan matalauci ne, ya miƙa ta idan ya ga hankali ya zo wa yaron, kuma ya kafa shaidu ranar miƙawa. Aya ta 10 ta faɗi makomar mai cin ta da zalunci, kowa ya san ta. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. Amma sai ka ce wa Bahaushe a rubuta, ya ce ka raina shi.

Riƙo ba baƙon abu ba ne a wurinmu, kuma ba ni na ce a daina ba. Ɗan fari ma da kunya ake tura shi gidan kakanni, matar da Allah bai ba haihuwa ba 'yan'uwa ke ba ta ɗa ta riƙa. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, kakansa Abdulmuɗɗalibi ne ya riƙe shi bayan rasuwar mahaifiyarsa, sannan baffansa Abu Ɗalibi. Sai dai a da rumbu ɗaya ne, gandu ɗaya ne, ƙarin baki ɗaya ba ya girgiza gida. Yau da kwano ake awo, ga kuɗin haya, ga na makaranta, ga marayun da rikicin Arewa maso Gabas da 'yan bindiga ke ƙara mana a kan waɗanda hatsari da cuta da mutuwar haihuwa suka saba bari.

Kada kuma a jibga komai a kan matar baffa, kamar yadda muka saba tun daga tatsuniya. Na bincika, matar nan sai ganin yaro ta yi a tsakar gida da kayansa, miji ya ce, "Ga ɗanki nan." Ba a yi shawara da ita ba, ba a ƙara kuɗin cefane ba, ga nata biyar. Namiji ya kwashi yabo a ƙofar gida, mace ta kwashi wanki a cikin gida. Wannan ba uzuri ba ne ga masu mayar da 'yar riƙo baiwa, ita ce ɗebo ruwa, ita ce talla, nasu na aji. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta karatun shekara tara na farko ga kowane yaro, ba ta ware ɗan riƙo ba. Amma duk namijin da zai ɗauko maraya, ya fara shiga ɗaki ya ji ta bakin wadda za ta yi aikin. Idan ta ce ba za ta iya ba, gara a ji yanzu.

Sai ku dangi masu zuwa ranar Sallah da ɗari biyar a hannu, ku ɗaga haɓar yaro ku ce, "Kai, ya rame, ba a ba shi abinci ne?" Ku ji kunya. Wanda bai san kuɗin kwanon wake ba, ba shi da bakin cewa an rame.

Shawarata ba ta da tsada, littafin rubutu ne na 'yan makaranta. Kafin a watse daga sadakar bakwai, ko a ƙalla kafin arba'in, a zauna da liman da mai unguwa da wakilin dangin uwa, ba dangin uba kaɗai ba. A rubuta duk abin da mamaci ya bari, har akuya, har bashin da yake bi da wanda ake bin sa. A raba gado da wuri, a san rabon kowane yaro. Idan akwai gida ko fili ko abin hawa, a je kotu alƙali ya naɗa mai kula. Wanda ke riƙe da abin da ke kawo kuɗi ya rubuta shiga da fita, ko shi ko wani yaro mai karatu, a karanta wa dangi sau ɗaya a shekara. Kada a sayar da kadarar maraya sai da sanin alƙali da shaidu da takarda. Wanda ya ce shi zai riƙa biyan kuɗin makaranta, a sa sunansa da adadin. A kuma rubuta wa zai karɓi yaran idan mai riƙon ta kwanta ciwo, tun da tsohuwa ba ƙarfe ba ce. Littafin ya zama biyu, ɗaya a dangin uba, ɗaya a dangin uwa. Mai gaskiya shi ya fi kowa cin ribar wannan, domin ranar da yaro ya girma aka zuga shi, takarda ce za ta wanke ka.

A haɗa da takardun yaro. Da baffa ya sauya wa yaron nan makaranta, sai ya rubuta shi da sunansa, wai don kada ya ji maraici. Takardar haihuwarsa ta Hukumar Ƙidaya na ɗauke da sunan ubansa, ta firamare na ɗauke da na baffa, ga shi tun 2021 ba a rajistar JAMB sai da lambar NIN. Sai da aka yi ta zirga-zirgar rantsuwa a kotu kafin sunayen su daidaita. Aya ta 5 ta Suratul Ahzabi ta riga ta ce a kira yara da sunan ubanninsu.

Kakanni na wajen uba masu abin hannu, ku ma ga taku. Jikan da ubansa ya riga ku rasuwa ba zai gaje ku ba muddin kuna da ɗa namiji a raye. A Masar sai da aka yi doka a 1946 ta tilasta a fitar wa irin waɗannan jikoki wasiyya. Kai da kake da rai ba sai ka jira doka ba: ka yi masa wasiyya, iyakarta sulusi, ko ka ba shi kyauta yanzu, a damƙa a gaban shaidu, a rubuta.

A zauren dai an tashi a kan cewa baffa zai biya kuɗin filin kaɗan-kaɗan, duk ƙarshen wata, balas ɗin shekara huɗu kuwa aka bar shi da Allah tun da ba wanda ya san adadinsa. Yaron ne ya yago takarda daga tsohon littafinsa na lissafi ya rubuta da hannunsa, liman ya sa hannu, ni ma na sa. Aka miƙa wa Iya ta dangwala yatsa. Ta goge tawadar a gefen zaninta, ta dafa bango ta miƙe, ta ce a yi mata afuwa, ta bar wake a ruwa.