Mai Jitar Baya a Bukukuwan Agadas

A wajen bikin aure a Agadas, idon kowa yana kan mai jitar gaba, shi ake wa guɗa, shi ake liƙa wa kuɗi. Amma a bayansa akwai wani da ba a cika kallo ba, wanda yake riƙe da jita ta biyu, yana maimaita akor biyu ko uku har rawa ta ƙare. Ni a ganina aikin wannan ya fi wuya, domin shi yake yanke wa waƙa launinta.

Wannan kiɗan jita ya taso ne daga matasan Abzinawa da fari da rashin aiki suka kora zuwa Aljeriya da Libiya. Ƙungiyar Tinariwen, wadda Ibrahim Ag Alhabib ya kafa da abokansa wajen 1979, ita ta buɗe hanya, a Nijar kuma marigayi Abdallah Ag Oumbadougou ya yaɗa shi. Daga baya Bombino da Mdou Moctar suka kai shi Turai da Amurka. Etran de L'Aïr kuwa, 'yan gida ɗaya ne da suka yi suna a bukukuwan garin Agadas tun kafin duniya ta san da su.

Akasarin karin waƙoƙin nan a kan tsani mai hawa biyar suke tafiya. Idan La ne gida, wato amon da waƙa take komawa ta huta a kansa, hawan su ne La, Do, Re, Mi da Sol. Tsanin Turawa yana da bakwai, saboda haka akwai gurbi biyu da mawaƙi ya bari babu kowa, na Si da na Fa. A nan mai jitar baya yake shigowa. Akor tsirkiya uku ne ko fiye da ake dannewa su yi amo tare, kuma akor ɗin da ya zaɓa yana iya cike ɗaya daga cikin waɗannan gurabe.

A ce ya tashi daga La miner ya sauka a Re miner ko Fa majer. Ya shigo da Fa ke nan, waƙa ta yi nauyi, ta ɗauki kewa. Malaman kiɗa suna kiran wannan zubi Eyoliyan. To, ya matsar da yatsa ɗaya gaɓa guda kacal, Fa ya zama Fa diyez, Re miner ya koma Re majer. Mawaƙi bai canza komai ba, ganga ma haka, amma nan take waƙar ta buɗe, baƙin cikinta ya samu haske, ƙafa ta fara motsi. Wannan shi ne Doriyan, kuma duk wanda ya san Oye Como Va ta Tito Puente, yadda Santana ya kaɗa ta a 1970, ya ji shi: akor biyu ne suke ta kai da komo daga farko har ƙarshe. Abin yana burge ni ƙwarai, yadda tazarar da ba ta kai faɗin yatsu biyu ba take juya zuciyar taro guda.

Idan gida majer ne, sai ka ji ana sauka hawa ɗaya ƙasa a dawo, Sol zuwa Fa zuwa Sol. Miksolidiyan ke nan. Yawancin makaɗan da kunne suka koya, ba da waɗannan sunaye ba, amma hannunsu ya san bambancin.

Inda gwani yake bambanta da ɗan koyo shi ne sanin akor ɗin da bai kamata a taɓa ba. Wanda ya koyi jita daga littafin Turawa, hannunsa yana son ya kai ga Mi majer kafin ya koma La, domin da haka aka saba rufe jimla a kiɗan Turawa. Sai dai a cikin Mi majer akwai Sol diyez, alhali mawaƙi yana rera Sol tsurarsa, sai su yi karo. Akwai wani tarkon kuma. Wanda yake cikin Doriyan, idan ya tashi daga Re majer ya faɗa Sol majer ya daɗe a can, kunne zai ɗauka Sol ne gida, La ya zama baƙo. Kamar gishiri ne a miya, kaɗan ya wuce sai ta zama wata aba. Shi ya sa ƙwararru suke barin babban yatsa yana bugun amon gida a tsirkiyar sama ba fasawa, sauran yatsu su yi yawo su dawo. Wannan ɗabi'a ta riƙe amo ɗaya a ƙasa ta girmi jita a yankin, ana jin ta a molo da garaya, ana jin ta a amshin matan da ke kewaye da gangar tande.

Ga kuma kapo, ɗan maƙalin nan da ake ɗaure wa wuyan jita. Idan muryar mawaƙi ta fi ƙarfin La, sai a matsar da shi sama, gida ya canza, amma yatsu su ci gaba da zubin da suka saba, tsirkiyoyin da ba a danne ba su ci gaba da amsawa.

Sana'ar ba ta da sauƙi. Ana kiɗa a fili cikin ƙura da zafi, ana dogaro da janareta, tsirkiya mai kyau tana wuyar samu. Mdou Moctar da wayar birkin keke ya haɗa jitarsa ta farko. Samu yana bin lokacin aure, in azumi ya kama sai kasuwa ta tsaya. Yaro yakan fara da ɗaukar lasifika da naɗe waya, daga nan a ba shi jita ta biyu, a ce ya riƙe La da Re ya bi ganga. Sai ya iya riƙe su tsawon rawa guda bai yi sauri ba, bai ƙara na uku don son burgewa ba, sannan ake barinsa ya matso gaba.