Manazarcin Harshen Yara da Mai Gyaran Furuci: Misali daga Yola

1.0 Gabatarwa

Wannan maƙala ta dubi sana'o'i biyu da suka jingina da juna, wato nazarin yadda yaro ke koyon harshe da karatu, da kuma aikin gyaran furuci a asibiti. An ɗauki Yola da Jimeta a matsayin misali.

2.0 Inda Matsalar Take

Yaron da ya tashi a Yola Gari yakan ji Fulatanci a gida, Hausa a wajen wasa, Larabci a makarantar allo, sannan Ingilishi a firamare. A Jimeta kuwa akan ƙara da Bacama ko Kilba. Idan irin wannan yaro ya yi jinkirin magana aka kai shi asibiti, da wane ma'auni za a auna shi? Akasarin ma'aunan da ake da su an tsara su ne domin 'ya'yan Turawa masu harshe ɗaya. Babu ruwansu da karin sauti, ko tsawon wasali, ko baƙaƙe masu ƙugiya irin su ɓ da ɗ da ƙ, balle sauyin baƙin farko na Fulatanci, kamar a Pullo da Fulɓe. Saboda haka ana iya ɗaukar cuɗanya harsuna a matsayin ciwo, alhali ba ciwo ba ne, ko kuma a yi biris da raunin ji, a ce ai yawan harsuna ne ya rikita yaron. Kuskure na biyun ya fi muni, domin shekarun farko ba sa dawowa.

3.0 Rabon Aiki

Manazarci ne zai naɗi maganar yara masu lafiya, ya tantance shekarun da kowane sauti ke zama a bakinsu. Da wannan ne mai gyaran furuci zai bambance jinkiri da tsamin baki ko i'ina. Jami'ar Ibadan na horar da masu wannan sana'a, kuma hukumar da ke yi musu rajista an kafa ta tun 1988.

Ta fuskar karatu an ɗan taɓuka. Gwajin Ife da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta daga 1970 ya nuna amfanin koyarwa da harshen uwa, kuma Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977 ta amince da haka a azuzuwan farko. Sai dai a ajin Jimeta, inda ɗalibai ke da harsuna daban-daban, tantance "harshen uwa" shi kansa bincike ne. Ga Jami'ar Modibbo Adama da asibitin koyarwarta, ga kuma Kwalejin Ilimi ta Tarayya, duk a gari ɗaya. A nan ya kamata a fara tattara waɗannan bayanai.